Yadda ake tada tsohon garmaho mai bel a gida ba sai an kai shi wajen mai gyara ba

Wata uku kenan kawuna ya kira ni gidansa a Agege wai in zo in sauke masa tarkacen da ke saman wadirof za'a gyara silin, damina ta ɓata shi. Cikin tarkacen nan na ci karo da garmahonsa na lantarki, wanda masu gyara ke cewa tantebur, ƙirar Japan, yace tun shekarun 1970 ya saye shi lokacin yana saurayi yana harkar goro, ga kuma kwali guda cike da faya-fayai, na kalangu da na kukuma da na goge harda na Yarbawa, wasu an buga su nan Legas zamanin da kamfanonin faifai na EMI da Decca ke da situdiyo a garin. Nace kawu wannan fa? yace rabu dashi ya daɗe da mutuwa, baya juyawa, ka miƙa wa 'yan jari bola. Wallahi raina bai so ba, na roƙe shi ya bar min, na ɗauko shi a keke napep na kawo gida. Yanzu haka yana aiki, kuma abin da ya kashe shi bai wuce bel da ya narke da mai da ya bushe ba. Yawancin irinsu da ke jibge a ɗakunan iyayenmu cutarsu kenan, shi yasa nace bari in rubuta yadda na bi dashi daki-daki.

Abu na farko dan Allah kar ka jona shi a wuta. Nasan hannu zai yi ta ƙaiƙayi kana so kaga ko zai motsa, ka daure. Juya bayansa ko ƙarƙashinsa ka karanta ɗan allon da aka rubuta ƙarfin wutar da yake sha. Wutarmu ta Najeriya 230 ce kuma 50Hz, na Amurka 120 ne da 60Hz, wanda aka yi don cikin gidan Japan kuma 100 ne, kaga in na gwanjo ne da aka shigo dashi daga can kana soka shi a soket kai tsaye ka ƙona moton kenan cikin ƙiftawar ido. Wasu suna da ɗan makunni na zaɓen wuta a baya ko ƙarƙashin faranti, wato abin da ake ɗora faifai a kai yana juyawa, ka tabbata yana kan 220 ko 240. In babu, sai ka nemi taransifoma mai rage wuta, garmaho baya cin wuta sosai ƙarama ma ta isa.

Amma akwai wani abu da mutane basa lura dashi, maganar 50Hz da 60Hz ɗin nan. Tsofaffin da yawa motonsu da bugun wutar layi yake daidaita gudunsa, to in an ƙera shi don 60 ka bashi 50 zai juya amma a hankali, maimakon zagaye 33 da sulusi a minti ɗaya sai ya dawo kusan 28, 45 kuma ya koma 37 da rabi, muryar mawaƙi ta yi kauri kamar wanda bai gama farkawa daga barci ba. Taransifoma bata gyara wannan, sitabilaiza ma bata gyarawa, sai dai a canza fuli, wato ɗan ƙarfen da ke kan moto wanda bel ke bi ta kai, a sa na 50Hz wanda ya ɗan fi kauri. Masu moton DC kamar su Technics SL-B2 da SL-BD20 basu da wannan damuwar. Don haka in siya zaka yi a kasuwar Alaba ko wani waje ka duba wannan kafin ka biya. Sannan ka bi wayar wutar da hannu tun daga filogi har inda ta shige, ɓera da kyankyaso basa barin waya lafiya, in ta tsattsage ko robarta ta yi tauri a canza ta.

Kayan aikin ba masu yawa bane: sukundireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, sipirit na kemis, tsinken goge kunne mai auduga da yawa, tsumma mai tsabta wanda baya zubar da gashi, man keken ɗinki, zare, da mitar auna wuta in kana da ita. Wayarka ma kayan aiki ce, duk abin da zaka kwance ka ɗauki hotonsa tukuna. Ka ɗaure hannun garmahon a mazauninsa da ɗan zare ko waya, in allurar na da murfi ka rufe, in kan hannun mai cirewa ne ka murɗe ka cire ka ajiye can nesa da yara.

Yanzu cire faranti. Ɗaga shimfiɗar robar da ke kai, zaka ga ramuka biyu a jikin farantin, juya shi har rami ɗaya ya zo saitin moto ka leƙa. In ka hango fuli da bel ko alamar inda bel yake da, toh naka mai bel ne, mun daidaita. In kuwa wata 'yar taya ta roba ka gani tana goga jikin faranti irin na Garrard SP25, ko babu komai moton ne a tsakiya kamar Technics SL-1200, wannan wani aikin ne daban ba shi muke magana ba. Sa yatsu biyu cikin ramukan ka ja sama a miƙe. Wasu suna da ɗan kilif a gindin sandar tsakiya sai ka zare shi, ka tare da hannu don tsalle yake in ya ɓace nemo shi aiki ne. In farantin ya kafe kar ka sa sukundireba ka banƙare, ka sa wani ya riƙa ja sama kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa kan sandar da ƙotar sukundireba a hankali, zai saki.

Nan ne zaka ga aika-aikar da shekaru suka yi. Na kawu babu bel ɗin ma kwata-kwata, ya narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta, ya manne a zoben cikin faranti da jikin fuli harda kan katako. Roba dama haka take in ta tsufa, ga zafin Legas ga danshi, wata ta narke wata ta saki ta yi tsawo wata ta bushe ta kakkarye. Wannan gogewar ita ce aikin da ya fi cin lokaci kuma kar ka yi gaggawa a kai, ni sai da na ci kusan awa biyu. Fara kankare mai kaurin da tsinke ko tsohon katin waya, banda reza banda wuƙa don in ka karce fuli ka jawo wa kanka rawar sauti har abada, sannan ka jiƙa auduga da sipirit ka yi ta gogewa kana canzawa har sai auduga ta fito fara tas. Ka sa leda ko safar hannu, abin nan in ya shiga farce kwana biyu bai fita ba, kuma ka kiyaye kar sipirit ya ɗiga a murfin roba mai haske na sama ko kan fenti, yana dusashe su. In ka bar ko ɗigon danƙo a fuli sabon bel ɗin zai riƙa kamawa yana saki, waƙa ta riƙa lilo, kai kuma kayi ta zargin moto alhali ba laifinsa.

Tunda faranti na waje a duba boris ɗin tsakiya, wato ramin da sandar faranti ke juyawa a ciki. Murza sandar da yatsa, ya kamata ta juya sumul babu tauri babu ƙara. A wasu tana zarowa sama kawai, a wasu sai ka kwance ɗan sukuru a gefe ta ƙarƙashi. In ka zaro ta ka kula, akwai 'yar ƙwallon ƙarfe ƙarama a ƙasan ramin ko manne a gindin sandar, a kanta dukkan faranti ke tsaye, kar ta faɗi. Goge sandar da ramin da sipirit har tsohon man nan mai kama da zuma ya fita, ka bari ya bushe, sai ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo uku zuwa huɗu ka mayar. Zata sauka a hankali saboda iskar da ke ciki, kyale ta ta sauka da kanta kar ka danna. Kuma dan Allah banda baƙin mai na mota, banda man gyaɗa, banda WD-40, wannan na kwance tsatsa ne ba na zama a boris ba. Gwajinsa mai sauƙi ne, ɗora faranti babu bel ka juya da hannu ka saki, mai lafiya zai daɗe yana juyi shiru kafin ya tsaya.

Moton ma haka, murza fulin da yatsa. In da tauri ɗigo ɗaya na man keke a gindin sandarsa ƙarƙashin fuli, ɗaya tak, ka murza ya shiga, in mai ya taɓa inda bel ke bi ka sake gogewa da sipirit. Ka duba robobin da moton ke zaune a kai guda uku ko huɗu, in sun lotse moton zai karkace bel ya riƙa hawa sama ko zamewa ƙasa, in sun bushe kuma gurnanin moton zai bi katako ya shiga allura. Sai yanzu ne zaka jona wuta, faranti na waje, hannunka nesa da wayoyin ciki, ka kunna. Wasu basa tashi sai ka matsar da hannun zuwa wajen faranti, kar ka ce ya mutu baka gwada haka ba. In fuli na juyawa Alhamdulillahi rabin aiki ya ƙare. In yana gurnani baya juyawa sai ka tura shi da yatsa, ko dai mai bai ratsa ba ko kafasitan moton ya gaji, wannan kam in baka saba da soda ba ka kai wa mai gyaran rediyo ya canza maka da mai lamba iri ɗaya. Zare filogi kafin ka ci gaba.

Sai maganar sabon bel, kuma nan nayi kuskure na farko. Na je kasuwa ban auna ba na faɗi sunan garmahon kawai, wani ya miƙo min bel yace duk ɗaya ne, na dawo gida ashe ya yi gajere ya ɗaure moto tamau har yana nishi. Toh ga yadda ake yi. Kar ka auna tsohon bel, ya riga ya saki. Ɗauki zare ka zagaya shi ta hanyar da bel ke bi, zoben cikin faranti da fuli gaba ɗaya, ka ja shi daidai ba tamau ba, ka yi alama ka auna da tef ɗin tela, sannan ka rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Misali zare ya baka santimita 62, bel ɗin da zaka nema wajen 59 zuwa 60 ne, kuma da yawa daga na Japan dama a nan kusa suke. Masu sayarwa sukan ninke bel biyu su auna, kaga rabin lambar zasu gani, wajen 30, kar wannan ya ruɗa ka. Faɗin yawanci milimita 4 zuwa 5 ne, mai faɗi ba mai zagaye ba, sai dai in fulin naka mai kwari ne. Kaurinsa ma na da tasiri, mai kauri da yawa yana ƙara wa faranti gudu kaɗan. Ka tafi da zaren a aljihu ka leƙa wajen masu kayan gyaran rediyo a Alaba ko Oshodi, in ba'a dace ba a intanet ana samu da lambar garmahon. Robar ɗaure kuɗi ko yankan tib ɗin keke zasu juya faranti na ɗan gwaji, amma sauti bazai taɓa tsayawa daidai ba.

Saka shi kuwa ba wuya. Kifa faranti ka zagaya bel a zoben ciki ka tabbata bai murɗe ba, ka saƙala ɗan ƙyalle ko zare a jikinsa saitin rami, ka mayar da faranti kan sanda, ka juya ramin ya zo kan moto, ka jawo bel da ƙyallen ka rataya a fuli. In naka mai fuli hawa biyu ne, siririn na 33 mai kaurin na 45, akwai wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke ɗaga bel yana sauke shi, dole bel ya bi ta tsakiyarsa kuma kar ya goge shi. Irin waɗannan ana canza musu gudu ne yayin da suke juyawa, in ka canza a tsaye bel na iya fita. Juya faranti da hannu sau biyar shida bel ya zauna, wannan kuma yana mayar da injin dawo da hannu mazauninsa in mai dawowa da kansa ne.

Gwada gudu. Manna 'yar takarda a bakin faranti ka kunna agogon waya, a 33 ya kamata ya zaga sau 100 cikin minti 3 cif, a 45 kuma sau 45 cikin minti ɗaya. Akwai manhajar waya da zaka ɗora wayar a kan faranti ta faɗa maka, amma ƙirgen nan baya ƙarya. Kayi gwajin da wutar NEPA ko inbata mai kyau, kar ka yi da ƙaramin janareta, bugunsa hawa da sauka yake da zarar firji ya tashi, moton AC kuwa binsa zai yi, kazo kana neman cutar da babu. Masu moton DC suna da 'yan sukurori biyu na daidaita gudu, ɗaya na 33 ɗaya na 45, ta ƙarƙashi ko ƙasan faranti, ana murzawa kaɗan-kaɗan. In gudun na tsalle da kansa datti ne a makunnin gudu da abin murzawa na daidaita gudu, fesa musu maganin wanke makunni ka murza sau ashirin talatin, iskar Legas mai gishiri musamman ta wajen Apapa da Obalende da Ajah tana sa su tsatsa da wuri.

Yanzu mun zo inda ni a ganina ya fi ko'ina muhimmanci, allura. Garmaho in ya lalace ana gyarawa, faifai kuwa in allura ta cinye layinsa shikenan, kuma irin faya-fayan kawu ba'a sake buga su. Allurar da ta shekara arba'in baka san awa nawa ta yi ba, yawanci daga awa 500 zuwa 1000 ake cewa a canza, ga kuma 'yar robar da ke riƙe tsinkenta a ciki itama tana bushewa. Saboda haka kar ka ɗora ta kan faifan da kake ji dashi, ka canza kawai. Duba lambar da ke jikin katirij, wato ɗan akwatin da allura ke maƙale, ka nemi allurarsa, zarowa ake a soka sabuwa. Shure sun daina yin katirij tun 2018 amma wasu kamfanoni na yin allurar da ta dace da su, Audio-Technica kuwa har yau suna yi kuma basu da tsada can. In gaba ɗaya katirij zaka canza wayoyi huɗu ne sirara kamar gashi: ja na dama, kore abokinsa, fari na hagu, shuɗi abokinsa. Ka kama su ta ƙarfen bakinsu da ɗan hantsaki, kar ka ja ta waya, kuma kar ka kusanto da ƙarfen soda jikin katirij zafi na kashe shi. In nasa ƙafafun sun yi baƙi ka goge su, sau da yawa sifika ɗaya da ke yin shiru daga nan ne.

Sai nauyin hannu. Iyayenmu in allura na tsalle sai su ɗora kwabo ko sule a kan hannun, tsallen ya daina amma faifai ne ke biya. Yadda ake yi: mayar da abin murzawar da ke hana hannu zamewa ciki zuwa sifili, cire murfin allura, saki hannun kana tare dashi, ka riƙa murza nauyin da ke bayansa har hannun ya tsaya a iska a miƙe, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Mayar dashi mazauni ka ɗaure, riƙe nauyin kar ya motsa ka juya zoben lambobi kaɗai zuwa 0, sannan ka murza nauyin gaba ɗaya ciki zuwa lambar da katirij ɗinka ke so, yawanci tsakanin giram 1.5 da 2.5, AT95E misali giram 2 ne. Abin hana zamewar shima ka kai shi lamba ɗaya da wannan. Kar ka rage nauyi wai tausayin faifai, allurar da bata zauna ba karkarwa take cikin layi tana ɓarna fiye da mai ɗan nauyi. Masu katirij na sokawa da ake cewa T4P an riga an saita su a 1.25 tun daga kamfani, babu ruwanka da wannan duka.

In sandar ɗaga hannu tana sakin allura tim lokaci ɗaya, man silikon mai kauri da ke cikinta ne ya ƙare, kafin ka samu ka riƙa saukewa da yatsa a hankali. In kuma hannu baya dawowa a ƙarshen faifai tsohon giris ne ya daskare a ƙarafunan ƙasa, goge shi da sipirit, ka shafa sabo kaɗan inda ka tarar da tsoho kawai, inda ka tarar a bushe ka bar shi a bushe haka aka yi shi.

Jonawa da amfilifaya nan ma mutane na faɗuwa. Sautin katirij mai maganaɗisu ƙanƙani ne ƙwarai, kuma tun wajen yanka faifai ake rage sauti mai kauri a ƙara siriri bisa ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta 1954, sai an bi dashi ta wajen da zai mayar. Ka nemi ramin da aka rubuta PHONO a bayan amfilifaya. In ka soka a AUX zaka ji sauti can ƙasa siriri babu ganga, ba lalacewa bace. Yawancin kayan kiɗan yanzu da sifikun bulutut basu da PHONO, sai ka sayi ɗan akwatin ƙara sautin garmaho ka sa a tsakani. Sannan siririyar wayar nan ta uku da ke tare da filogi ja da fari masu shiga amfilifaya, ka ɗaure ta a sukurun GND, rashinta ne ke kawo wannan huuu ɗin da baya yankewa. In ka ɗaure bai daina ba ka goge kawunan filogin, ka nisanta garmahon daga taransifoma da sitabilaiza. Teburin ya zama a miƙe, aro ma'aunin ruwa wajen birkila ka duba, kuma kar sifika ta zauna kan tebur ɗaya dashi.

Faya-fayan ma sai an wanke, na kawu duk sun yi fumfuna fari-fari. Ruwan da aka tace irin wanda ake ƙara wa batir nake amfani dashi, ka tabbata ruwan ne zalla ba mai asid ba, da ɗigon sabulun wanke kwano, a goge da tsumma mai laushi ana bin zagayen layi, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye a jingine a inuwa su bushe sarai, rana tana lanƙwasa su. A ajiye su a tsaye kamar littattafai ba a jibge ba. Masu nauyin nan masu fashewa na gudun 78 kuwa sipirit ko kaɗan kar ya taɓa su narkar da su yake, kuma allurarsu daban ce ta fi kauri. A kwalin kawu akwai irinsu guda huɗu, na goge musu ƙura na naɗe su a takarda, garmahon nan 33 da 45 kawai yake yi, su sai na samo wanda zai iya juya su.